Igiyar Si Munsif

Shekara tara Si Munsif, mai gyaran kekuna a bakin kasuwar Mahdiya, yana yi wa Las'ad makaho jagora a gasar nan mai hawa uku: iyo a teku, tseren keke, sannan gudu. Igiya ɗaya ke haɗa su a ruwa da tudu, keke ɗaya mai sirdi biyu ke ɗaukar su.

Al'adarsu ce, idan gasa ta rage mako guda, su zauna a shago bayan la'asar. Munsif ya rufe ido ya karanto hanyar tun daga yashi har ƙarshe, yana ambaton kowace kwana da ke kanta, Las'ad yana gyaɗa kai, har fargaba ta kwanta musu.

Bana Las'ad ya zo, ya ƙi zama.

"Si Munsif, ƙungiyar wasanninmu ta haɗa ni da Nizar, malamin motsa jiki. An ce da shi zan shiga ukun farko."

"Da ni fa?"

"Na takwas, tsoho. Bara ni na ja ka a gudu. Kowa ya gani, in ban da ni."

Munsif ya yi dariya, ya ci gaba da ɗaure wayar keken da ta riga ta ɗauru.

Ya yi rajista shi kaɗai, don kada a ce ya karaya. Amma duk sanda ya rufe ido zai bi hanyar a zuci, sai ya ji bakinsa yana cewa "dama, rami, sunkuya", babu mai saurare.

Akwai kuma abin da shi kaɗai ya sani. A kwanar farko cikin teku, inda masu iyo ke cunkushewa, numfashin Las'ad yakan sarƙe, ba ya dawowa sai an ja igiya sau biyu. Kwana shida Munsif yana riƙe da wannan, yana cewa a ransa ai Nizar malami ne, ya gano da kansa.

Ranar gasa da safe ya taka har gaban Nizar, ya miƙa masa tsohuwar igiyar.

"A kwanar farko ka ja sau biyu, malam. Kada ka yi masa magana, ba ya so a san yana tsoro."

"Muryar wa nake ji?" in ji Las'ad.

"Na takwas ne."

Aka busa usur, Munsif ya faɗa ruwa. Da ya kai kwanar farko, nasa numfashin ne ya sarƙe. Hannunsa ya tafi ƙugu yana laluben igiya.