Na Sayi Ɗaki, Ban Sayi Hanyar Shiga Ba

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, 'yar Tajaye, kuma lokacin da abin nan ya same ni na haura shekara arba'in, aurena ya mutu, 'yata guda ɗaya tana ɗakin mijinta. Aiki ne ya kawo ni Konni, na daɗe ina yawon gidajen haya kamar kyanwa da 'ya'ya a baki. Duk mai gidan da ya tashi yi wa ɗansa aure, ni ake fara kallo a ce in nemi wuri. Ranar da aka tashe ni karo na huɗu, ga damina ta kankama, ina bin amalanken jaki ina kallon ruwa na dukan katifata, na rantse a raina ba zan sake zama ƙarƙashin rufin wani ba. Ina da taurin kai, ban taɓa musun haka ba, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

Wani dillali ya kai ni wata unguwa da ta tara kowa da kowa: Zabarmawa ma'aikata, Yarabawa masu gyaran babur, mutanen Benin da Togo, da sojojin da aiki ya jefo. A can ƙuryar wani babban gida ya nuna mani ɗaki guda da makewayinsa, irin wanda ake ce wa antire-kushe. An shimfiɗa masa karo, wato tayil, a ƙasa, ga fanka, ga famfo a bakin ƙofa. Ya ce gidan gado ne da aka raba, wannan ɗaki rabon wata 'yar gidan ce da ke aure a Malbaza, tana son ta sayar. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na miƙa hannuwana, saura kaɗan in taɓa bango biyu, amma na ji kamar an ba ni fada. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ban shawarci kowa ba, don na san abin da yayyena maza za su ce: wai ina aka taɓa ganin 'yar mutunci ta zauna ita kaɗai cikin baƙin da ba a san asalinsu ba. Na ce sai na gama komai su ji a bakin duniya.

Aka rubuta takarda gaban shaidu, takardar ta ce ɗaki ɗaya da makewayi, tsawo kaza, faɗi kaza. Ni da ke gyara wa yara kuskure da jan biro kullum, na karanta ta sau biyu na sa hannu ina murmushi. Na duba rufi ko yana yoyo, na ƙwanƙwasa bango, har ramin makewayi na leƙa. Abu ɗaya ban tambaya ba, shi ne ƙasar da ƙafata ta taka daga bakin titi, ta cikin zaure, ta tsakar gida, har zuwa ƙofar ɗakin, ta wa ce. Na ɗauka hanya kamar iska take, ta kowa ce.

Shekara guda na yi cikin kwanciyar hankali. Sai babban ɗan gidan ya dawo daga Abijan da abin hannunsa. Ashe zaure da gaban gida rabonsa ne, kuma ya bi 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya ya saye nasu, har tsakar gida duk ta koma hannunsa. Ya zo mani da fara'a yana ta madam, madam, ya ce magazar albasa yake son ginawa, wato babban ɗakin ajiya, in sayar masa da ɗakina in huta. Abin da ya taya ko kunyar faɗinsa bai ji ba. Na ce masa ban sa a kasuwa ba. Ya yi dariya ya ce ba komai, ɗaki nawa ne, ba wanda zai taɓa shi. Na tafi hutu Tajaye, na dawo da 'yar jakata da ƙullin wake, na tarar an ɗaga bango, an rufa kwano a kan tsakar gidan duka, an sa ƙofar ƙarfe a inda zaure yake. Ɗakina na can ciki a bayan magaza, lafiya lau, ba a taɓa shi ba kamar yadda ya yi alkawari.

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Dattijon ya juya takardata gaba da baya, ya ce shi bai ga inda aka ambaci hanya ba, amma addini bai yarda a toshe wa maƙwabci ƙofa ba. Ya umarci mutumin ya bar ni in riƙa wucewa kafin a san abin yi. Mai magazar ya amsa da ladabi, ya ce in riƙa bi ta cikin magaza, sai dai makulli yana hannun mai gadinsa, don dukiya ce a ciki. Wata huɗu na yi ina neman izini kafin in shiga ɗakin da na saya da gumina. In dawo daga lakwal da tsakar rana, a ce mai gadi ya tafi cin abinci, in tsaya a bakin titi kamar mai jiran bashi. In ya zo in ratsa tsakanin buhuna, tufafina duk warin albasa, har abokan aikina suka fara yi mani ba'a wai nawa buhu yau. Duk mako sai mai magazar ya aiko a tambaye ni ko na sake shawara. Ni kuwa in ce a gaya masa kifi na ganinka mai jar koma. A gaban mutane nake cika baki, amma in na rufe ƙofa kuka nake yi, na baƙin ciki da na jin haushin kaina.

Labari ya kai gida. Babban wana ya zo, ko zama bai yi ba ya ce maganina ke nan, in karɓi abin da aka ba ni in nemi a maida ni lakwal ɗin ƙauye. Na ce masa ko ta sama zan riƙa shiga, ba zan sayar ba. Ya kaɗa riga ya tafi.

Mafita ta zo daga inda ban taɓa kallo ba. Bayan ɗakina gidan wata tsohuwa ne, 'yar Benin, Kirista, mai soya kifi, mijinta ya daɗe da rasuwa. A nan ne nake jin kunyar ba da labarin. Fiye da shekara guda muna bango ɗaya da matar nan, gaisuwata gare ta daga nesa ce, in hayaƙin kifinta ya taso in toshe hanci yadda za ta gani. Abin da nake zargin yayyena da shi, ashe ni ma ina ɗauke da shi a ciki. Ita ce ta tare ni wata rana ina tsaye ina jiran mai gadi, ta ja ni inuwarta, ta ba ni ruwa. Da Hausarta mai karkata ta ce tana da wani ɗan tsukin wuri a gefen katangarta inda take tara itace, ya miƙe daga bayan ɗakina har titi, in ina so in fasa ƙofa ta nan. Na tambaye ta me zan ba ta, ta ce ita ma an taɓa rufe mata ƙofa a garin nan, ta san ɗacinsa, in bar zancen.

Wani maƙwabcinmu Bazabarme, tsohon jandarma, da ya ji sai ya ce ba za a taɓa bango ba sai an rubuta, kada a sake maimaita wautar farko. A gabana ya faɗi haka, kuma na haɗiye don gaskiya ce. Ya kawo ma'auni ya auna lungun, ya sa 'ya'yan tsohuwar suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Da hantsi magini ya ɗaga guduma ya fasa bayan ɗakina. Da haske ya shigo ta wannan rami na yi guɗa, ni da ban taɓa guɗa ba ko a bikin 'yata. Tsohuwar ƙofa kuwa na sa aka toshe ta da bulo, mai magazar na tsaye yana kallo, na gaishe shi da aiki.

Ban rubuto don a tausaya mani ba, kuma ban yi nadamar sayen ɗakina ba. Nadamata biyu ce: girman kan da ya hana ni tambaya, da rainin da na yi wa mutanen da suka fi ni sanin haƙƙin maƙwabtaka. 'Yan'uwana mata masu tara na kansu, ku saya, kada kowa ya tsorata ku. Amma in gidan gado ne, kafin ku ɗaga kai ku dubi fanka, ku sunkuya ku tambayi ta wa ce ƙasar da kuke takawa, taki ɗaya ɗaya tun daga titi, a rubuta ta a takarda. Kuma ku gaida na bayan bangonku tun ba ku da bukatarsa.

Lunguna matsattse ne, in na ɗauko bokiti sai na karkata. Da wana ya sake zuwa ya gan shi, ya girgiza kai ya ce ko makara ba za ta fita ta nan ba. Na ce masa ranar sai su karkata ni, ko su ɗaga ni ta kan katanga, wannan wahalarsu ce. Ni dai daga ɗakina za a ɗauke ni.