Gyaran Tuta Uku

Ni tela ne, ɗan tela, jikan tela, kuma a iya sanina ba wanda ya taɓa kashe mutum a gidanmu. Kaza ma in za a yanka sai an kira maƙwabci. Amma a Jidda, a shekarata ta huɗu da zuwa, na kashe mutum uku a yini ɗaya da allura da jan zare, ban ma san na yi ba.

Umara ta kawo ni a ƙarshen shekarun saba'in, da niyyar mako uku. Mako ukun nan shi ne ya yi ta haihuwa. Na samu wuri a bayan shagon wani Bayamane a Bab Makka, inda ake jibge bandir-bandir na yadi, ni da kekena muna fuskantar bango. Ba ni da iƙama, wato takardar zama. Wanda ba shi da ita, in ya tafi gida ƙofa ta rufe a bayansa, in ya zauna kuma kullum kunnensa yana titi. Da an ce ga askarawa nan, sai ka neme ni ka rasa, ina can kwance tsakanin atamfa da shadda ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Na baro matata a Kano da ciki wata biyar. Ta haifi mace. Yarinya ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta fara korar kaji da zagi, duk a kaset nake ji, wanda alhazai ke kawo mini. Wallahi ba abin da nake nema a duniya a lokacin sai takardar da za ta bar ni in je in ga 'yata in dawo kan kekena.

Ina da aboki direba, mutumin Damagaram. Ni Bakano, shi Badamagare, ka san ba a rabuwa da tsiya. Yana jin Larabci da Faransanci, da wani Turanci da ya tsinta a mota. Wani tsohon Ba'amurke yake tuƙawa, wanda ke aiki da wani kamfani mai horar da matuƙa jirgin sama. Wata safiya ya shigo lunguna da ƙunshi a hammata, ya ajiye mini a kan keke.

"Bakano, tashi ka yi mini godiya," in ji shi. "Na kawo maka iƙama a cikin leda."

Na kwance. Wata tsohuwar rigar fata ce ruwan ƙasa, irin mai tsayawa a ƙugu, ta sha duniya har ta gaji. Shafin ciki ya yage, bakin hannuwa asu ya cinye.

"Wannan ko a bola ka tsinto?"

"Ka ji ɗan ƙauye. Rigar yaƙin maigidana ce. Zai bar aiki ƙarshen shekara, 'yarsa ta ce ba ta son tsarabar komai sai ita. A sake shafi, a sake bakin hannu, halas, shi ke nan. Mai kamfanin kuma yana neman telan da zai riƙa ɗinka kayan ma'aikata, kuma maganar tsohon nan ba ta faɗuwa ƙasa a wajensa. In aikinka ya burge shi, ka samu kafili."

Kafili shi ne ɗan ƙasa da zai tsaya maka a ba ka takarda. Da na ji kalmar nan sai na ɗauki rigar da hannu biyu.

Shafi da bakin hannu ba su ci mini yini ba. Abin da ya tsaya mini a rai yana ƙirjin hagu. Wasu 'yan ƙananan tutoci ne aka ɗinka a jikin fatar, kowacce farin ƙyalle da jan ɗigo a tsakiya, ba ta fi akwatin ashana ba. Biyar a layin sama, reras. A layin ƙasa kuma biyu, sai fili. Na juya rigar, na sake juyowa, filin nan yana nan yana kallona kamar giɓi a bakin amarya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ka kawo masa aikin wuyan riga wani ɓangare ya fi wani da tsawon ƙwayar gero, sai ka warware shi duka. A wajensa ado mara daidaito cin amana ne. Na ce a raina, ai ga abin da ya faru: telan Bature ya fara aiki, zare ya ƙare masa, ya miƙa wa bawan Allah riga haka, shi kuma ya yi shekara arba'in yana yawo da rabin ado saboda kunya. Ban tambayi direba ba. Tela ya tambayi direba ma'anar ado? Allah ya kiyaye.

Sannan mu mutane ne masu gyara. Ka sayi mudun gero, mai awo ta ɗebo tafi guda ta ƙara maka. Ka sayi tsire, mai nama ya yanko wata 'yar tsoka ya ɗora. Ba ka tambaya ba, shi ma ba ya faɗa, amma da shi ake riƙe mai ciniki. To ni da nake neman mutum ya tsaya mini, in miƙa masa aiki ba gyara?

Na yanko farin ƙyalle uku. Na ga sun fi tsofaffin haske, sai na tsoma su a ruwan shayin Bayamane na shanya, suka yi jaja-jaja daidai da 'yan uwansu. Na zauna na cika jan ɗigon da hannu. Na je har unguwar Sa'alaba na aro allurar fata wajen wani baduku ɗan Maraɗi. Da na gama, layi biyu, biyar-biyar, ko mai rigar ba zai ce ga sabuwa ga tsohuwa ba. Bayamane ya leƙo ya ce masha Allah. Na ji kaina ya yi girma.

Washegari da hantsi direba ya zo ya ce tsoho yana son ganin telan da idonsa. Na shiga mota na noƙe a kujerar baya, duk fitilar hanya da muka tsaya sai in ga kowa ni yake kallo. Muka isa wasu gidaje a arewacin gari masu katanga ɗaya da mai gadi.

Tsohon ya fito da gajeren wando. Mutum ya haura sittin, ga furfura, ga gwiwa a waje! Na kawar da kai. Dogo ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, sai ya karkato da ɗayan. Ya ba ni hannu, ya ce ahlan da irin Larabcinsa, ya zaunar da mu. Ya buɗe rigar ta ciki, ya shafa sabon shafin, ya ja bakin hannu ya saki, ya ce, "Kwayyis, kwayyis," wato ya yi kyau. Direba ya taka mini ƙafa. Ni kuwa har na fara tunanin irin takalmin da zan saya wa 'yata.

Sai ya juyo gaban rigar. Ya tsaya. Ya ɗauko tabarau. Ya sa yatsa yana ƙirgawa a fili, wahid, itnen, talata, har ya kai saba'a. Yatsan ya matsa kan ta takwas ya tsaya a nan. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya faɗi wata magana da ƙarfi.

"Me ya ce?"

"Ya ce wa ya sa ka," in ji direba, murya ƙasa-ƙasa. "Bakano, me ka yi?"

Na ce a gaya masa gyara ne. Na yi bayanin mai awo da mai tsire, na yi bayanin mahaifina da ƙwayar gero. Direba yana juyawa yana share gumi. Tsoho ya karkato kunne yana saurare, can sai ya fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum tari. Ya ce shekara da shekaru gwamnatinsu ba ta ƙara masa ko ɗaya ba, yau ga tela ya ƙara masa uku kafin azahar.

Ni ma na yi 'yar dariya don kada a bar ni a baya, amma ban gane ba. Sai ya ajiye tabarau ya ba mu labari, direba yana juya mini gutsure-gutsure. Ya ce shi ɗan manomi ne, a ƙasar masara ya tashi, bai taɓa ganin teku ba sai da babban yaƙi ya zo. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka koya masa tuƙin ƙaramin jirgin yaƙi mai ɗaukar mutum ɗaya, aka tura shi can tsibiran gabas yaƙi da Japan. Duk jirgin da ka kakkaɓo sai a yi maka 'yar tutar Japan ɗaya. In ka kai biyar akwai laƙabin da ake ba ka, a sa hotonka a jarida, 'yan mata su yi ta rubuto wasiƙa. Shi bakwai ya kakkaɓo. Ya ce a cikinsu ba abin kunya kamar mutum ya ƙara wa kansa ko da ɗaya, har ya mutu abokansa ba za su zauna da shi ba.

Dariyar ta ƙare a nan. Ya ɗora yatsa a kan ta uku ya ce wannan ya matso kusa har ya ga fuskarsa, yaro ne, bai kai shi ba. Ya taɓa ta shida ya ce wannan ya yi tsalle da laima, laimar ba ta buɗe ba, shi kuma ya yi ta zagaye yana kallo har ruwa ya rufe. Ya ce kowace tuta ɗan wata ne. Irin wannan haja ba a son gyara a kanta.

Innalillahi. Ni da na zauna ina tsoma su a shayi ina murna! Kunya ta kama ni, tausayin tsohon ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, na ga iƙamata ta tashi sama ta bar ni. Direba ya raɗa mini, "Ai da ka tambaye ni." Ƙarya yake, shi ma a ranar ya ji.

Na ce a ba ni reza. A nan kan teburinsa na warware ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Zare ya fita, amma fata ba yadi ba ce, inda allura ta bi sai ya zauna. Ga 'yan ramuka nan sun zagaye wuri uku da ba komai a ciki. Na ce a ba shi haƙuri, wannan kam ba ni da maganinsa.

Ya daɗe yana kallon rezar. Sai ya tambaya ko zan iya cire sauran bakwai ɗin. Na ce minti goma ya ishe ni, amma ramukan za su nuna, duk wanda ya duba zai ƙirga. Ya gyaɗa kai ya ce to a bar su. Ya shafa wuraren ukun da babban yatsa, ya ce waɗannan zai gaya wa 'yarsa su ne suka koma gida wajen iyayensu. Sannan ya tambaye ni ko ina da 'ya'ya. Na ce ɗaya, shekararta uku da rabi, muryarta kawai na sani. Ya tattara tutocin uku ya zuba mini a tafin hannu, ya raka mu ƙofa.

A mota direba ya zage ni tun daga ƙofar gidan har Bab Makka, da Hausa da Faransanci. Kuma yana da gaskiya. Mako biyu ina ɗinki ba na ko jin ɗanɗanon abinci. Ran nan sai ga shi ya shigo lungu yana taƙama.

"Yalla, tashi, mai kisan kai. Mai kamfani yana kiranka. Tsoho ya ce masa ya samo telan da ya fi sojan sama iya harbi, amma a riƙa ƙirga maɓallai kafin a ba shi riga."

Takarda ta ɗauki watanni kafin ta fito, tsohon har ya tafi ƙasarsu ban sake ganinsa ba. Bayan sallar layya na sauka Kano. Na shiga gida, yarinya ta dube ni sama da ƙasa, ta ruga bayan uwarta ta riƙe zane, ta ce, "Umma, wane ne wannan?" Takalmin da na sayo ya yi mata kaɗan. Alewa ta ƙi karɓa. Na durƙusa a tsakar gida ina lalube a aljihu, ban san me nake nema ba, hawaye na neman kunyata ni gaban mata, sai hannuna ya faɗa kan 'yan ƙyallayen nan uku.

Na shimfiɗa su a tafina. Ta leƙo. Ta matso taku ɗaya, ta sake matsowa, ta sa yatsa a kan jan ɗigon. Ta kwashe su duka ta gudu, can sai ta dawo da 'yartsanarta ta kara, ta ɗora mini a cinya, ta ce in ɗinka mata riga da su.

Na ce uwarta ta miƙo mini allura.