Ramuwa da Yatsa Biyu

Ni ba mai saurin yafiya ba ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Akwai wata dariya da aka yi wa mahaifina a Kankia, a shekarun da kuɗin mai ya fara sa samari sayen abubuwan da iyayensu ba su san sunansu ba. Har yau ban manta da dariyar nan ba.

Ina kwalejin horon malamai a lokacin. In an ba da dogon hutu nakan yi rabinsa a gidanmu a Kusada, rabi a Kankia wurin Gwaggo, ƙanwar Baba. Ɗanta na fari, wato taubashina, akawu ne a wani kamfanin gina hanya, kuma albashi ya hau masa kai. Ya sayi babur. Ya sayi talabijin mai aiki da batirin mota. Sai kuma wani abokinsa ya kawo masa tsaraba daga Makka, wani ɗan akwati baƙi da ake jona wa talabijin a yi wasa. Daga ranar ɗakinsa na bakin zaure ya zama majalisa.

Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne. Gilashin talabijin zai yi baƙi, da layi a tsakiya. Akwai farar sanda a dama, wata a hagu, sai wani ɗigon haske da suke kira ƙwallo, ko da yake kusurwa huɗu gare shi. Mutum biyu ke yi. Kowa yana riƙe da ɗan ƙaramin akwati mai maɓallin murzawa irin na rediyo. Ka murza nan, sandarka ta hau, ka murza can, ta sauka. Ƙwallo ya taho ka tare shi, ya yi ƙara "ƙit", ya koma wa abokin karawarka. In ya wuce ka, an ci ka ɗaya. Wanda ya riga kai sha biyar shi ya yi nasara. Iyakar ilimin ke nan, amma taubashina yana hura hanci a kansa kamar shi ya ƙera jirgin sama.

Wata Juma'a Baba ya zo Kankia neman takin zamani, ya biyo ya gai da ƙanwarsa. Bayan an sauko masallaci ya leƙa ɗakin ya sa wa ɗan 'yar'uwarsa albarka. Samari shida ne a ciki. Ni kuma aka aiko ni da kwanon fura, shi ya sa komai ya faru a kan idona.

"Kawu, zo ka gwada," in ji taubashina. Ya miƙa masa akwatin.

Baba ya ce a'a, sau biyu. Aka matsa masa, ya zauna a bakin tabarma, ya riƙe abin a tafin hannun nan nasa da fartanya ta gama da shi. Aka kunna. Ƙwallo ya taho ya wuce. Ya sake tahowa ya wuce. Sandar Baba tana can ƙasa a lafe, in ya murza sai ta yi sama gaba ɗaya bayan ƙwallo ya riga ya tafi. Ya miƙa wuya, ya karkatar da kai gefe, ya ƙanƙance ido. Samarin suna danne dariya, har taubashina ya buɗe baki.

"Haba Kawu, ba galma ba ce! A hankali, kada ka nome mani talabijin."

Ɗakin ya fashe. Har da mai buga cinya. Baba ya ajiye akwatin a hankali, ya ce, "To, abin naku ne na zamani. Allah shi yi albarka." Ya laluba takalmansa ya fita. Furar da na kawo ko kallonta bai yi ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na haɗiye. Amma kwana da kwanaki, duk baƙon da ya shigo ɗakin sai taubashina ya kwaikwaya masa Baba. Ya miƙa wuya, ya karkace kai, ya ƙanƙance ido, a sake sabuwar dariya. Ina jiyo su daga tsakar gida ina daka, ina sauke haushina a kan turmi.

Tsakanina da shi akwai wasa. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, kuma duk abin da muka faɗa wa juna ba a kai shi gaban manya. Amma kawu ba abokin wasa ba ne, kawu uba ne. Wadda ya kamata ta tsawata masa kuwa bakinta a ɗaure yake. Gwaggo ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama su yi hira, "wancan" take ce masa. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko da ɗaga masa murya, alhali ɗan'uwanta ne uwa ɗaya uba ɗaya ake mayarwa abin dariya a cikin gidanta.

Ran Litinin da safe, ƙarar baburinsa na ɓacewa, Gwaggo ta ajiye audugar da take kaɗi.

"Ke, ɗiyata. Makullin ɗakin wancan shina bisa ƙofa. Ɗauko."

"Mi za mu yi, Gwaggo?"

"Zuwa za mu yi mu ga abin da ya fi yayana daraja."

Na sha ganin yadda yake jona wayoyin, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa. Na jona, gilashi ya kawo. Muka zauna ni da Gwaggo, ita da ba ta taɓa shiga aji ba, ni da nake ganin na yi boko. A karon farko ta ci ni sha biyar da huɗu.

Na tsaya ina kallonta baki buɗe. Ta ce, "Kin riƙe shi kamar muciya. Dubi nan." Ashe ita da yatsa biyu take kama maɓallin, babba da manuni, tana murza shi kaɗan kaɗan yadda take murza mazari in tana kaɗa zare. Shekara arba'in tana wannan murzar. Ni kuwa na damƙe shi da hannu duka, yadda na ga mazan suna yi, shi ya sa sandata take tsalle ta wuce inda nake so. Ta ɗauko allin da take shafa wa yatsunta don kada mazari ya zame, ta shafa mini. Daga nan karatu ya fara.

Mako uku muka yi, kullum daga hantsi zuwa azahar. Abin da muka gano, ga shi, ko da wani zai tono irin akwatin nan a kayan kakansa. Kada ka kalli sandarka, ta san inda take, ƙwallo za ka kalla. Da ka mayar da shi, ka dawo da sandarka tsakiya ka jira, kada ka tsaya kana yaba kanka. In ka ga ya nufi bangon sama ko na ƙasa, kada ka bi shi can, ka je inda zai faɗo bayan ya daki bangon. Babban sirrin kuma yana jikin sandar. In ƙwallo ya daki tsakiyarta, miƙe zai koma, ko jariri ya tare. In ka tare shi da bakin sandar, can ƙarshe, sai ya karkace ya tafi kusurwa da gudu. Akwai haɗari, don kuskure kaɗan ya wuce ka. Amma wanda ke neman ramuwa ba ya tare ƙwallo da tsakiya.

Na kuma karanci mutumina. Da yamma in suna wasa nakan kawo ruwa in yi jinkirin fita. Na lura duk sanda ya mayar da ƙwallo da kyau sai ya waiga ya dubi abokansa, yana neman a yaba. Na lura kuma kusurwar sama ba ya kai mata da wuri. Na adana biyun nan a raina.

Kullum muna gamawa sai in goge farin alli daga maɓallan da gefen zanena. Batiri ne ya so ya tona mana asiri, don ya riƙa mutuwa da wuri. Taubashina ya tsaya a tsakar gida yana faɗa, wai mai caji na tasha yana cutarsa. Gwaggo tana kallon bango ta ce da ni, ba da shi ba, "Kayan zamani dai ba su da ƙarko."

Juma'a ta huɗu, ɗakin ya cika, har da biyar daga cikin shidan da suka yi dariya. Na shafa alli, na ɗauki kwanon fura na yi sallama. Na tarar yana tsakiyar kwaikwayon, wuya a miƙe. Na dire kwanon.

"Bawana, ba ni ɗayan in gwada."

Aka yi shewa. Ya ce, "Uwar ɗakina, wanga ba dakan gero ba ne. Abin da ya gagari Kawu?"

"In ka ci ni, in wanke maka babur kullum har hutu shi ƙare. In na ci ka, ka tahi Kusada, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa gaban Baba a ƙofar gida gaban dattawa, ka faɗi abin da kake yi bayan idonshi."

Ya dubi abokansa. Ba yadda zai janye a gabansu. Ya ce ya yarda, aka riƙe shaida.

Ba zan yi ƙarya ba, hannuna rawa yake yi da farko. Ya ci ni ɗaya, biyu, uku, ana ta ihu. Daga bayan katanga sai na jiyo Gwaggo ta yi gyaran murya. Na sassauta riƙon, na koma yatsa biyu. Ƙwallo ya taho, na mayar masa a miƙe, ya tare, ya waiga neman yabo. Kafin ya juyo na sa masa bakin sanda, ƙwallo ya shige kusurwar sama. Ɗaya. Na sake masa irinta, biyu. A ci na shida ya daina waige. A na tara ya ce maɓallinsa ne ya lalace, na ce mu yi musanya, muka yi. A na sha biyu gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana murza abin da hannu duka, sandarsa tana sama tana ƙasa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma da gangan na riƙa jan na ƙarshen, ina mayar masa a miƙe sau bakwai don ya sa rai, sannan na karkatar.

Sha biyar da uku. Na ajiye akwatin a gabansa, da farin alli a jikin maɓallin, wannan karon ban goge ba. Na ce, "A hankali dai, bawana. Ba galma ba ce."

Dariyar da aka yi masa ta fi wadda aka yi wa Baba, don abokan nasa dama sun gaji da shan kashi a hannunsa.

Ya cika alkawari, wannan kam ba zan hana shi ba. Ran Lahadi ni da Gwaggo muka shiga motar kasuwa, shi ya biyo mu a babur. Da la'asar dattawa na zaune a ƙofar gidanmu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya faɗi komai da bakinsa. Ni ina cikin zaure ina leƙe, ban bari ko kalma ɗaya ta wuce ni ba.

Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ba komai, ɗana ne kai. Tashi." Ya miƙa hannu zai dafa kansa. Hannun ya sauka a iska, kusan taƙi guda daga inda kan yake. Ya laluba, ya taɓo hular, sannan ya dafa. Dattawa ba su kula ba, suna ta Allah ya ƙara haɗa kai. Ni na gani, na kuma tuna yadda ya laluba takalmansa a Kankia.

Da aka watse ya shigo zaure. Na kama hannunsa na ce, "Baba, mi ya sami idonka?"

Ya ce yanar ido ce, tun bara ta fara rufe masa gani. "Ni ban ga ƙwallon komai ba ran nan, ɗiyata. Haske dai na gani, da ƙara nake bin shi." Ya ce gara a kira shi baƙauye da a ce ba ya gani, don manomi in aka ce idonsa ya tafi, tun yana raye ake fara shawarar wanda zai karɓi gonarsa. Ya ce in rufa masa asiri har a kai gero rumbu, sannan a nemi asibiti.

Na yi kuka a zauren nan. Mako uku ina nazarin inda taubashina ke kai idonsa, ban taɓa tsayawa na dubi na mahaifina ba. Haushin kuma bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, don yanzu na san abin da ake kwaikwaya a ɗakin can in an miƙa wuya an ƙanƙance ido.

Baba ya bari na yi shiru. Sai ya matso, ya rage murya kada a ji a waje.

"Wai nawa kika ci shi?"

"Sha biyar da uku, Baba."

"Ukun fa, ina kika je?"

"Hannuna ne ke rawa."

Ya matse mini yatsun nan biyu da har lokacin akwai sauran alli a ƙarƙashin farcensu.

"To, in kun sake karawa," in ji shi, "kada ki bar mashi ko ɗaya."