Satar Gida

A benenmu na International City, ƙofofi biyu ne kawai a hawa na uku ake jin Hausa a bayansu, tamu da ta mutanen Kumasi, kuma suna kallon juna. Sauran na 'yan Pakistan ne da 'yan Filifin, da wani ɗan China mai sayar da fitilu wanda ba ya gaisawa da kowa sai kyanwarsa.

Matar gidan da ke kallon namu Anti nake ce mata, mijinta kuma Kawu, duk da ba abin da ya haɗa mu sai baranda. Kawu yana aiki a wani sito a Jebel Ali. 'Ya'yansu biyu, babban namiji yana kwaleji, sai ƙanwarsa, sa'ata, ajinmu ɗaya. Ita ce ƙawata. Ba na cewa babbar ƙawata, don hakan zai sa a ɗauka akwai ƙanana.

Baba da Umma a shagon kago suke wuni, wurin aika kayan 'yan kasuwa gida, can Al Buteen, ba sa dawowa sai bayan magariba. Don haka in bas ɗin makaranta ta sauke mu, gidan Anti nake shiga. A can nake cin abinci, a can nake aikin makaranta, a can nake sallar la'asar. Anti ba ta taɓa tambayata dalilin da ya sa ba na yawan magana ba. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, "kai" take ce mini. "Kai, zo ka ci." Da farko nakan waiwaya in ga wa ake kira. Daga baya na saba, har in aka ce mini "ke" sai in ji kamar faɗa za a fara.

Yayana da ɗan Anti ba kwaleji ɗaya suke ba, amma kowa yana buga wa tasa ƙwallo. Yaya ɗan baya ne a masu shuɗiyar riga, ɗan Anti kuma ɗan gaba a masu ruwan ɗorawa. Gasa ce ta kwalejojin da ke bayan unguwarmu, a fili mai 'yan benci kaɗan. Yawancin masu kallo ɗalibai ne, sai wani mutum mai sayar da shayi a bayan motarsa, sai Baba da Kawu. Baba bai san inda ƙofar kwalejin Yaya take ba sai da aka sa Yaya a wasa. Tun daga ranar ya koma cewa "mu". Mun ci su, an cuce mu, muna da rauni a hagu.

A bara masu shuɗiyar riga ba wanda ya ci su duk kakar. Har masu ruwan ɗorawa sun sha kashi a hannunsu tun farko, kashi mai kyau. Su kuwa masu ruwan ɗorawa da ƙyar suka tsallaka, don wata kwaleji ta janye saboda jarrabawa. Sai ga su a wasan ƙarshe, su da su. Aka yi ta fafatawa ba ci, har mai shayi ya fara tattara kofunansa. Ana dab da tashi aka jefo ƙwallo daga tsakiya, ɗan Anti ya ɓullo ta bayan Yaya, ya zura. Kofin gasar da suka ɗauka ƙarami ne, na gan shi kusa, hannunsa ɗaya ya ɗan karkace.

Daga nan musu ya fara. A lif, a wurin ajiye motoci, a hanyar dawowa daga Juma'a.

"Wani ya yi noma tun daga shuka har noma na biyu," in ji Baba, "wani ya zo ranar girbi da buhu. Wane ne manomi?"

"Mai buhu ne zai ci tuwo, Alhaji."

"Ta taga kuka shigo gasar nan."

"Ta taga muka shigo, ta ƙofa muka fita, da kofi a ka. Ku riƙe kakar, mun bar muku. Ku sa shi a firiji."

"Mun lallasa ku a farkon kaka ko ba mu lallasa ku ba?"

"A farkon kaka har ni ina da gashi."

Baba yana jin daɗin wannan, Kawu ma haka. Wani lokaci lif zai iso hawa na uku, ƙofa ta buɗe, ta rufe, ya mayar da su ƙasa ba wanda ya lura. Ni ina lura, don ina ciki.

Abin ya canza ne da wani abokin Yaya ya turo hoton ƙwallon da ya ɗauka da waya daga gefen fili. Baba ya kalla, ya tsayar da babban yatsa, ya mayar baya, ya sake tsayarwa. A daidai lokacin da aka jefo ƙwallon, ɗan Anti ya riga ya wuce Yaya, ba kowa a gabansa sai mai tsaron gida. A rediyon da Baba yake saurare, wannan laifin sunansa satar gida. Haka muke faɗa a gidanmu tun ina ƙarama, ban taɓa tsayawa na duba kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba.

Ranar Lahadi da safe muka fito zuwa kasuwar 'yan China, ni da Baba. Kawu yana wurin aiki. Anti ta fito da ledar shara.

"Hajiya, ina maigidan?" in ji Baba, yana murmushi. "Ki gaya masa magana ta ƙare, khalas. Ɗanki satar gida ya yi."

Anti ta ajiye ledar. "Ɗana?"

"Shi. Ga shi nan a waya, an ɗauka tun daga farko. Kowa ya gani. Alƙali ne kawai ya kau da kai."

"Har alƙali ya sani?"

"A gaban idonsa aka yi. Kuma yara sun ce ba yau ya fara ba, ɗabi'arsa ce. Laɓewa yake a bayan mutane, kafin a ankara yana ciki."

Anti ta dubi Baba, ta dube ni. Ta ɗauki ledar sharar ta koma da ita cikin gida. Na ga hakan baƙon abu ne, amma na ɗauka zafin ƙwallo ne, don na ga abin da yake yi wa manya.

Washegari da muka sauka daga bas, ƙawata ta tsaya a bakin ƙofarsu, jakarta a gaba. Ta ce, "Mama ya ce ka tafi gidanku." Ba ni da makulli a ranar. Na zauna a matakala har Yaya ya dawo.

Bayan nan Umma ta ba ni makulli a igiya. Nakan shiga in kunna na'urar sanyi, in ɗumama abin da aka bari, in ci a tsaye. Na gano cewa gidanmu da rana yana da ƙararraki da ban sani ba. Firiji yana tari, famfon banɗaki yana ɗiga. Ta ramin ƙofa ana ganin ƙofar Anti a lanƙwashe, da takalmansu a jere a gabanta, ko da yaushe kawunansu na kallon waje. Wani lokaci ina jin cokali yana bugun bakin tukunya. A bas ƙawata ta koma kujerar gaba kusa da mai kula da mu, inda ba wanda yake zama sai mai jin amai.

Kawu ya daina musu. In Baba ya yi sallama zai amsa, don wajibi ne, daga nan sai ya kafa ido a lambobin lif. Baba yakan ce masa, "Satar gida dai sunanta satar gida, maƙwabci." Da lif ya tsaya sai Kawu ya fice abinsa.

"Kun gani?" in ji Baba a gida. "Hujja ta rufe musu baki."

Umma ta je ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Anti ta buɗe rabin ƙofa ta ce kanta ke ciwo. Umma ta dawo ta tambayi Baba me ya gaya wa matar nan. Ya ce gaskiya. Umma ta ce, "Manya da ku, a kan kofin da ko fura ba za a dama a ciki ba." Ta bar maganar a nan, tana jiran abin ya huce da kansa. Yaya da ɗan Anti kuwa dama ba sa magana tun ranar wasan.

A layin alwala na makaranta na ji. Ƙawata tana gabana, ba ta juyo ba, tana nannaɗe hannun riga.

"Gidan wa?" ta ce.

Ban gane ba.

"Babanku ya ce yayana ya saci gida. Gidan wa? Mama ya zazzage akwatinsa, ya ɗaga katifa. Ya sa shi ya rantse. Baba yana tsoro kada maganar ya kai kamfani a taɓa masa biza. Duk don mun ci kofi."

Ruwa yana zuba a famfo ba wanda ya tara hannu. Na tambaye ta, in ɗan wasa ya wuce kowa kafin a ba shi ƙwallo, me suke cewa.

"Ofsayid."

"Shi ne," na ce.

"Shi ne me?"

"Satar gida."

Sai a lokacin ta juyo. Ta daɗe tana dubana, har ta bayanmu ta ce yalla, mu yi sauri. Ta ce, "Ka zo ka gaya wa Mama da bakinka. In ni ne, zai ce kewarka nake."

Na fara tunanin gaya wa Baba. Amma Baba ba ya barin fili a tsakanin maganarsa, kuma in na samu filin, zai buɗe waya ya nuna mini hoton. Na yi tunanin Umma, sai na tuna ciwon kan Anti. Ban taɓa faɗa wa babba jimla fiye da biyu a jere ba, in ba karatu aka ce in biya ba. A bas na shirya abin da zan ce. Kafin mu wuce kasuwar 'yan China na manta rabi.

Ƙawata ta shiga ta bar ni a waje. Na ƙwanƙwasa. Anti ta buɗe, ludayi a hannu, ta tsaya a tsakiyar ƙofa yadda ko kyanwa ba za ta wuce ba. Na gaishe ta, ta amsa. Sauran rabin ma ya tafi.

Sai na durƙusa kan takalmansu. Na ɗauki silifas ɗin banɗaki na ajiye kusa da bango. "Mai tsaron gida," na ce. Na ɗauki takalmin Kawu na aiki, mai ƙarfe a baki, na sa a gabansa. "Yaya." Na cire takalmina ƙafa ɗaya na kai can wajen lif. "Ƙwallo." Sannan na ɗauki farin kambas ɗin ɗanta na sa shi tsakanin silifas da takalmin Kawu.

"In ya tsaya nan kafin a bugo masa, laifi ne. A wasa. Ku kuna cewa ofsayid. A Kano satar gida ake cewa. Gidan shi ne raga."

Anti ta dubi takalman. Ɗan Chinan ya fito daga lif, ya tsallake ƙwallon, ya wuce.

"Alƙalin fa?" ta ce.

"Mai usur."

"Mai gajeren wando?"

"Shi."

"Wayar fa, da aka ɗauka?"

"Wasan ne a ciki."

Ta jingina da ƙofa. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wani abu da yaren Twi wanda ban ji ba, ƙawata daga ciki ta ce, "Mama."

"Mutanen Kano," in ji Anti. "Yaro ya tsaya a fili, rana tsaka, a gaban jama'a, ku ce ya yi sata. In ya yi sata na gaske me za ku ce?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sake duban ƙasa, ta nuna farin kambas da ludayi.

"Wannan ne ɗana?"

"Eh, Anti."

"Wannan kuma yayanka?"

"Eh."

Ta sa ƙafa ta tura kambas ɗin baya, a hankali, har ya daidaita da takalmin Kawu. Ta duba, ta ƙara tura shi kaɗan, ya koma bayansa.

"Nan ya tsaya," ta ce. "Ina wurin. Na gani da idona."

Ba ta je wasan ba. Ranar tana gida tana yi wa wata mata kitso. Ni kuwa na ga hoton nan har na haddace shi, na san inda kowace ƙafa take, kuma ba nan ya tsaya ba. Anti ta matsa gefe, ƙofa ta buɗe daidai faɗin mutum ɗaya, tana kallona.

Na ce, "Nan ne, Anti."

Na cire ɗaya takalmin na shiga.