Rijiyar da Kaka Ta Hana a Cike

Duk sa'ad da famfon ƙofar gidanmu ya yi tarin nan nasa, ya huro iska ba ko ɗigon ruwa, kakata nake tunawa.

Ina yaro a Wurno ma'aikatan ruwa sunka tone hanya, sunka binne bututu har unguwarmu. Ranar da anka buɗe famfo da rigunanmu munka yi wanka. Ruwan na warin magani, amma wa ya damu? Sai babban ma'aikatan ya bi gida gida yana cewa rijiya ta zama tsohon yayi, ita ke kawo ciwon ciki, a cike ta ko a mai da ita salga. Maƙwabta sunka ga banza ta faɗi, an huta da haƙa sabon rami. A gitta itace, a shafe da laka, shi ke nan.

Da ya iso gidanmu, kaka ta ɗauko tabarmarta, ta shimfiɗa a bakin rijiya ta zauna.

"Inna, ci gaba ne ya zo," in ji shi.

"Mi yar ruwana da zuwanai? Ɗana, ruwanku daga ina shika hitowa?"

"Daga nesa, inji ke turo shi."

"To, nawa ga shi nan ƙarƙashina. Mijina yah haƙa ta, Fulani na shayar da maruƙa nan. Ba ni tsugunni bisa abin da yash shayar da ɗiyana."

Babana ya ji kunya, ya yi lallashin duniya, ta ƙi motsi. Yaran unguwa sunka sa ni gaba, wai jikan mai guga. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, ba ni ɓoye maka.

Wata bazara injin ya lalace, famfo ya yi tsit har damina ta kawo kai. Matan unguwa sunka cika zaurenmu da tuluna, don nasu rijiyoyin sun tafi ke nan. Ni na so a yi musu gori. Kaka guga kawai ta miƙa, ta ce a bi igiyar a hankali.

Tun daga nan ma'aikatar ruwa ta sake shugabanni, ta sake fenti, ruwan yau ya zo gobe ya ɗauke. Bana ƙanena ya sauke bulo a ƙofar gida, wai a cike rijiyar a yi shago tunda akwai burtsatse bayan masallaci. Da inji shi ma yake aiki. Ban tsaya gardama da shi ba, na shiga ɗaki na ɗauko tabarma.