Hon da Na Busa wa Inna a Tsohuwar Hanya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Ɗan Iya, ɗana a kan sitiyari, ni a gefe kamar fasinja. Mun tsaya bakin tasha muka sayi masa. Kuɗin da na biya, a zamaninmu har yaran mota sai su ƙoshi. Burina ɗaya ne: in je Kwanar Tsamiya, garin da muke yada zango lokacin ina tuƙa babbar mota, in ga ko akwai sauran wanda ya san ni.

Tun da aka yi sabon titi ya kauce wa garin, tsohuwar hanyar ta koma ta shanu da babura. Kwalta ta ɓare, ciyawa ta cinye gefe. Na ga irin wannan a ƙasar Damagaram, na gani a hanyar Garwa, amma na can bai taɓa sosa mini rai haka ba.

Gadar ƙarfe tana nan, mota ɗaya take ɗauka, tana ƙara kamar da. Barikin da Turawa suka gina ya zama ɗakin ajiyar gyaɗa. Garejin Oga, bakaniken nan ɗan kudu da ya fi ni iya Fulatanci, babu ko rumfa. An ce ya rasu, kuma a nan ya ce a binne shi. Sarkin tasha ma ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda na tambaya sai ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.

Saura Inna mai tuwo, wadda ta ciyar da direbobin hanyar nan kaf. Na same ta a zaure, idanu sun tafi. Na durƙusa na faɗi sunana.

"Sannu, Alhaji," ta ce. "Ban gane ka ba. 'Ya'yana direbobi ba da baki suke mini sallama ba. Tun daga gada nake jin hon ɗin kowa, in ware masa malmalarsa."

Na tashi na karɓi makulli a hannun ɗana. Ya ce, "Baba, gwiwarka fa?" Na ce gwiwa ba ta busa hon. Na koma har gada, na juyo, na danna yadda na saba: dogo, gajeru, sannan dogo. Muryar ƙaramar motar siririya ce, kamar ta ɗan akuya, har na ji kunya.

Kafin in kashe mota na hango ta tsaye, ta dafa ƙyaure.

"Mai jar mota! Ɗan nema, sai yanzu? Ai tuwo ya ƙare!"

Ta riƙe hannuna tana lissafo abokan tafiyata, tana tambayar labarin kowa. Amsa ɗaya nake ba ta: Allah ya jiƙansa.

Da la'asar muka shigo Bauchi ta sabon titi, sumul, ba gargada. Sauri gare shi, amma babu mai sauraron zuwan kowa a kansa. Abin da na koya ke nan: in kana da inda ake gane tahowarka, ka je tun mai ganewar tana da rai.