Zarton Inji da Ƙiryar Bakin Rijiya

Rijiya ɗaya gare mu a garinmu. Kakanninmu ne suka haƙa ta da suka taso daga kudu. Ƙasarmu, tsakanin Agye da Gazawa, yashi ce, ba ta riƙe kanta, don haka suka ɗaure bakin rijiyar da gumaguman ƙirya, an gicciya wani bisa wani tun daga inda ƙasa mai tauri ta ƙare har sama. Gara ba ta cin ƙirya, amma ita ma tana tsufa. A ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai, gumaguman gefen gabas suka karye, yashi ya fara zuba cikin ruwa.

Maigari ya aika garin Gangara aka kira masu haƙar rijiya. Babbansu ya leƙa, ya duba ta sosai. Sannan ya ce in ruwan farko ya same ta haka, za ta rufe, kuma ba mai sake buɗe ta. Ya ce a kawo masa sababbin gumagumai, ƙirya busasshiya, tsawonsu ɗaya, shi zai ɗaure. Wasu gidaje tun ran nan suka fara zancen komawa kudu wurin dangi. Ban ga laifinsu ba. Na taɓa barin gari ina yaro, shekarar da yunwa ta ci uwata, na san yadda ake tafiyar. Ban so in sake ba.

Akwai wata matacciyar ƙirya a dajin da ke yamma da gonakinmu, ta daɗe a tsaye, mutum biyu ba su rungume ta. An gwada ta da gatari. Gatarin sai ya yi tsalle ya dawo, bakinsa ya lanƙwashe. Da gatari kaɗai, sai damina ta wuce ba a gama ba.

Ni kuwa ina da zarto mai inji a bayan rumbu, lulluɓe da buhu. Na yi leburanci a aikin hanya wajen Gidan Rumji, muna share itatuwan bakin gulbi. Anasaran da ke kanmu shi ya zo da zarton. Da farko ni ke ɗaukar masa saboda nauyi, daga baya ni ke yanka, shi yana zaune a inuwa. Lokacin da ya tashi komawa ƙasarsu zarton ya riga ya daina tashi. Ɗan ƙasan da ya gaje shi ya ce in kai shi juji ko in kai gida, duk ɗaya ne wurinsa. Na kai gida, da akwatin kayansa.

Na gaya wa maigari zan gwada. Ya ce, "Zai yi?" Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Ya ce to in gwada.

Na ɗauki zarton na kai maƙerar taubashina, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba zagi ba. Ya dubi abin, ya dube ni.

"Kai ɗan mace, mi ka kawo min? Gawa?"

"Gawa ce. In kai maƙeri ne ka tashe ta."

"Anasara ya bar maka gado ke nan. Shi ya tahi da mota, kai ya bar maka wannan."

"Kai ko abin zuga wuta bai bar maka ba."

Muka kwance shi a kan tabarma. Buji, wato filogin da ke ba injin wuta, ya yi baƙi ƙirin, na kankare shi da bakin wuƙa. Inda injin ke shaƙar iska akwai wani ƙyalle mai tace ƙura, ya yage, yashi ya cika wurin. Na je gida na yanko tsakiyar rariyar tankaɗen matata, na naɗe da tsohon saƙi, muka ɗaure a wurin. Da ta gano ba ta yi mini magana ba har washegari. Tukunyar hayaƙi ta toshe da kunkunniya, ko iska ba ta wucewa. Taubashina ya jefa ta cikin wuta, ya zuga har ta yi ja, ya bar ta ta huce, ya bubbuga, dattin ya zubo kamar gawayi. Ya ce ƙofar hayaƙin ta yi ƙanƙanta, ko ɗaki ne mai irin wannan ƙofa hayaƙi zai kashe mutanen ciki. Ya huda ƙofa ta biyu a gefe. Ban hana shi ba, maganarsa ta shige ni.

Saura esansi, wato fetur. Na hau jaki zuwa Gazawa, inda direbobin kamyo, manyan motocin kaya, ke tsayawa kafin su ƙetare iyaka. Na samo esansi da baƙin man da ake gauraya shi da shi. Sarƙar zarton na bar wa taubashina, na ce ya wanke mata tsatsa kawai.

Da na dawo na same shi yana murmushi, sarƙa tana walƙiya a kan uwar maƙera.

"Anasaranka rago ne," in ji shi. "Rabin haƙoran bai wasa ba. Na gyara masa."

A gaban kowane haƙori na sarƙar akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai dakusasshen kai. Shi ya ɗauka haƙora ne da aka manta. Duk abin da ya taɓa shiga maƙerarsa, lauje ko wuƙa ko gatari, in yana da baki to wasawa ake yi. Sai ya bi su ɗaya ɗaya da magagari, ya rage musu tsawo, ya fitar musu da tsini. Ni ma a lokacin ban san amfaninsu ba. Na ga dai Anasara bai cika taɓa su ba. Na ce watakila ya yi daidai.

Man shafa wa sarƙa babu. Matan gari suka haɗo man gyaɗa, kowace da ɗan abin da ta iya, aka cika tankin man sarƙar.

Da hantsi muka je wurin ƙiryar, rabin gari na biye da mu. Wani tsoho ya ɗauki ƙotar gatari ya ƙwanƙwasa gindinta, ya yi sallama, ya ce duk wanda ke zaune ciki ya yi haƙuri ya tashi, ruwan sha ne ya kawo mu. Haka ake yi wa babban itace a wurinmu. Liman ya yi addu'a. Na ja igiyar tada injin, na sake ja, hannuna ya gaji. Can injin ya yi tari, ya tashi. Da sabuwar ƙofar hayaƙin ƙararsa ta ninka, awaki suka watse, wata tsohuwa ta zubar da ƙwaryarta.

Taubashina ya yi mini ihu a kunne: "Masu gidan sun kai Maraɗi yanzu!"

Na ɗora sarƙa a jikin itacen. Ta cafke shi gaba ɗaya, zarton ya yi tutsu kamar jakin da aka soka, ya taso sama ya wuce gefen kunnena, na faɗi zaune. Injin ya mutu. Ba wanda ya yi dariya. Na tashi na sake gwadawa, a hankali. Ya sake cafkewa, ya shaƙe, ya mutu. Mutane suka fara juyawa gida. Na ji wani yana cewa gara a ɗaure kaya tun jakuna na da ƙarfi.

Muka koma maƙera mu biyu. Ya zauna bai zage ni ba, ban zage shi ba, nan na san abin ya dame shi. Ina ta juya sarƙar a hannu. Sai na tuna masassaƙi da gizagonsa. Bakin gizago na so ya nutse ne, hannun mutum ke tare shi, ya ba shi ɗan abin da zai ci. Na ce wa taubashina guntayen nan su ne hannun. Su ke hawa kan itace su hana haƙori ya ɗebi abin da ya fi ƙarfinsa.

Ya karɓa ya duba. Ya ce, "To na yanke mata hannu."

"Ka yanke."

"Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa."

Ya ci gaba da dubawa, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Can ya ce in zo in gani. Bayan kowane haƙori gangare ne, gaba ya fi tsawo, baya ya fi ƙasa. Ya ce in muka ci bakin haƙorin da magagari muka yi baya da shi, tsawonsa zai ragu, ya sauko kusa da guntun. Guntun ba zai tashi ba, amma haƙori zai sauko ya same shi. Na ce hakan zai cinye rabin ran sarƙar, kuma ba mu da wata. Ya ce rai nawa take da shi yanzu?

Akwai siririn magagari mai zagaye a akwatin Anasara. Da shi muka yi. Ya danne sarƙar da awartaki, ina gogawa, in na gaji ya karɓa. Tsinin da ya fitar wa guntayen ya bi ya kwantar da shi. Ma'auninmu farcen babban yatsana: a ɗora bayan wuƙa a kan haƙora biyu, in farce ya shiga tsakaninta da guntu da ƙyar, ya yi. In ya shiga yana wasa, a ƙara ci. Bakin haƙoran kuma ba mu karkata shi sosai kamar yadda ya zo ba. An yi shi ne don itacen ƙasarsu mai laushi. Muka bar masa kauri, irin yadda ake barin bakin gatarin faskare. Aikin ya ci kwanaki. Kullum da la'asar ana duban gabas, ko hadari ya taso.

Ran da muka koma ba wanda ya biyo mu sai maigari da 'yan maza kaɗan. Na tada injin. Kafin in taɓa itace na tsaya na saurara. Kukansa ya yi siriri, yana tsiwa kamar sauro. Na san wannan kukan, Anasara ya taɓa dukan ƙeyata a kansa. Iska ce ta fi esansi yawa, kuma in aka bar shi haka cikinsa zai ƙone. Ƙofar da muka ƙara ce ta jawo. A gefen injin akwai 'yan ƙusoshi biyu masu murɗi. Na sa bakin wuƙa na sassauta wadda ke ba shi esansi in yana babban gudu, kaɗan kaɗan, har kukan ya yi kauri, ya fara ɓalɓalniya kamar bunsuru. Haka ake so in yana a sake. In ya shiga itace sai muryar ta washe.

Na ɗora. Bai yi tutsu ba. Ya shiga da kansa, ban danna ba. Abin da ke fita ba gari ba ne, sassaƙe ne ja, manya kamar ɓawon gyaɗa, yana zuba a kan ƙafafuna da zafinsa. Ƙanshin soyayyen man gyaɗa ya cika wurin.

"Ɗan mace, ƙuli kake toyawa ko itace kake yanka?"

Hannuna biyu na kan aiki. Na cire wa ƙiryar baki ta gefen da nake so ta faɗi, na zagaya baya. Da ta kwanta ƙasa ta girgiza. Maigari ya cire hularsa ya mayar.

Sauran aikin ya fi kayarwar wuya. Yashi ya shiga kowace tsaga ta jikin itacen, kuma yashi ke kashe haƙori. Sai maza suka riƙa bin inda zan yanka da gizago suna fere saman, ni ina biye. Da rana ta take esansi kan tafasa a tanki, injin ya ƙi tashi, don haka safe da yamma muke yi, tsakiyar rana mu lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu mu wasa sarƙa. Man gyaɗa in ya kwana yakan daskare ya yi danƙo, ga tururuwa. Kullum sai na wanke da kananzir. Waɗanda suka yi zancen tafiya su ma suka fito da shanunsu, ana jan gumagumai zuwa gari. Babban masu haƙa yana karɓa, yana aunawa da igiyarsa, yana zura su ɗaya bayan ɗaya.

Haƙoran sun yi siriri saboda cin da muka yi musu. Wajen ƙarshe suka fara karyewa. In ɗaya ya tafi sai in ji zarton ya yi ɗingishi a hannuna. Hadari kuma ya fara haɗuwa yana watsewa. Ana saura gungume ɗaya na saman baki, na kai tsakiyarsa, sarƙar ta tsinke ta faɗi cikin yashi kamar maciji. Taubashina ya ɗauka ya duba, ya girgiza kai. Ya miƙa mini gatari, ya ɗauki wani. Da yake zarton ya buɗe hanya, muka sa weji na ƙarfe a tsagar, muka yi ta sara ta gefe biyu har ya rabu. Hannuna ya fashe. Nasa ma, ko da yake ya ce ƙarya nake.

Aka ɗora shi, aka cike gefe da ƙasa mai tauri, aka daddaɓe. Masu haƙa suka shiga suka kwashe yashin da ya zuba.

Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, da iska. Da gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Ni na biya ta rijiya. Ruwa ya yi hanya ta gefen gabas ya zagaye ya wuce, gumaguman ba su motsa ba. Na hau na taka su ɗaya ɗaya, na yi tsalle a kan na saman. Matata na cikin masu jiran layi da tulunta, ta ce in sauka in ba mutane wuri. Na sauka na tafi shuka.